Safar Baƙi Ce, Yaya

Rana ta take tsaka lokacin da Sandamali ta kai baƙinta ƙofar haikali a Anuradhapura. Kowa ya tuɓe takalmi, ita kuma ta shiga raba musu safa, don duwatsun farfajiyar kamar kaskon suya suke. Can ƙarshen layi sai ga Lasantha, wai shi ma baƙo, tsohon saurayinta, wanda ya fasa aurenta ya tafi Italiya, ya dawo da tumbi da tafin ƙafa irin na jarirai.

"Ƙanwata, ni fa?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta zuge jakarta da sauran safa a ciki. "Ta baƙi ce, Yaya. Kai ai ɗan gida ne."

Ya biyo ta yana ɗage ƙafa kamar zakara. "Sandamali, na yi kuskure. Ki aure ni."

"Sai mun isa gaban mutum-mutumin Buddha zan ba ka amsa."

Ta rage sauri, ba dutsen da ba ta ba baƙi tarihinsa ba. Ko da suka isa, idonsa ya kawo ruwa, ko na so ko na zafi, oho.

"A'a," ta ce cikin ladabi. "Takalminka kuma yana can inda ka bar shi."