Direban da Ya Nemi Idon Tela

Tunda ka dage cewa abin da ya yi wa maƙwabcinka daidai kai ma shi za ka nema, zauna ka ji yadda ta kaya da wani direba. Babbar mota yake ja, yana kwasar tumatir daga fadamu zuwa kasuwannin kudu. Tumatir kuwa ba ya shiri da rana, sai la'asar ta yi sanyi ake ɗaure kaya a kama hanya da fitila. Da girma ya fara kama shi, sai yanar ido ta rufe masa idanu biyu, har ya zama ba ya sanin da rami sai taya ta faɗa ciki. Ya tafi asibitin ido. Likita ya duba, ya ce za a cire yanar a dasa masa ɗan gilashi a cikin ƙwayar idon, kuma gilashin iri biyu ne. Akwai mai nuna nesa tar, amma in za a duba waya sai an ɗora tabarau. Akwai mai haɗa nesa da kusa, ba ruwan mutum da tabarau, sai dai yakan sa fitila ta yi zobe-zobe da tartsatsi in duhu ya shiga. Da likitan ya ji sana'arsa, sai ya ce na farkon ne ya dace da shi. Nan fa ran direba ya ɓaci. Ashe yana da amini tela da aka sa wa na biyun, ga shi nan yana zura zare a allura da ido tsura, ya ɗago kai ya shaida mai zuwa tun daga bakin layi. Shi kuma a wurinsa tabarau a karan hanci shelar tsufa ce, ba zai yarda 'yan tasha su fara ce masa Baba ba. Likita ya maimaita. Ya sa aka kira matarsa, ya sake bayani a gabanta, ita ma ta lallashe shi har ta gaji. Gogan naka sai ƙuta yake yi a ransa: wai shi da ya tsufa a kan kwalta, wanda bai taɓa jan babbar mota ba ne zai koya masa halin fitila? "Irin na tela nake so," iyakar abin da ya ce ke nan. Likita ya ga ido dai na mai shi ne, ya yi masa abin da ya zaɓa.

Aiki ya yi kyau, ba makusa. Da rana duniya ta dawo masa sabuwa fil, yana karanta sunan mai kira a waya, yana hango shaho a ƙolin rimi, ya cika tasha da labari. Sai ranar da ya koma bakin aiki. Magariba na yi motoci suka kunna fitila, kowace fitila ta haifi 'ya'ya, zobe cikin zobe kamar an jefa dutse a tafki, gefen titi ya ɓace masa. Ya goge gilashin mota, ya murza ido, ya zagi masu hasko shi har da kakanninsu, duk a banza. Sai da ya kusa bin ta kan wani mai amalanke, sannan ya gangara gefe ya kashe mota, ya jira gari ya waye. Tafiyar rana ta dafa kayan, ya isa kasuwa ruwa na tsiyaya daga kwanduna, ƙudaje na yi masa rakiya. Mai mota ya haƙura a karon farko, a na biyu ya karɓe makullinsa. Direba ya koma wa likita yana huci. Likita ya ce ya ba abin lokaci, ƙwaƙwalwa takan saba, wasu zoben yakan dushe musu, wasu kuwa ba ya barinsu, sauya gilashin kuma wani sabon aiki ne mai nasa haɗarin. Direba ya jira wata da watanni. Zoben ya ragu, amma bai kai ya ɗauki ransa da na bayin Allah ya hau babban titi da duhu ba. Yau tifar yashi yake ja a cikin gari, rana na gasa shi, yana tsaki daga safe har yamma. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne idon garau yake. In la'asar ta yi, daga inda ya ajiye tifa yana hango motocin tumatir suna fita gari a jere, har lambar tsohuwar motarsa yake karantawa, ga wani ya harɗe a kujerarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.