'Yar Shekara Uku da Ba Ta Zo Riga-kafi Ba

Injiniya ya sayi alewa ta cika masa aljihu, sannan ya bi bayan Sista, shugabar ma'aikatan jinya, yana share gumi.

Shi ya gina wa ƙaramin asibitin unguwar rumbun adana bayanai a kwamfuta, aikinsa na farko tun da ya gama makaranta. Mutum ne mai tsimi ko a lambobi. Nauyin majiyyaci ya ba shi gurbi mai ɗigo saboda rabin kilo, yawan allurai gurbin cikakkiyar lamba, shekarar haihuwa kuwa gurbin lambobi biyun ƙarshe kacal, don a ganinsa rubuta huɗu almubazzaranci ne. Har mai gadi sai da ya sha wannan bayani.

Yau kwamfutar ta fito da sunan wata 'yar shekara uku da ba a taɓa yi wa riga-kafi ba. Sista, wadda ta san kowane yaro a unguwar har da kalar kukansa, ta rantse babu ita. In ba a ga yarinyar ba, ta ce, na'urarsa ƙirƙirar mutane take, kuma za a koma takarda. Injiniya ya ce lallai sai an nemo ta, don ya riga ya gaya wa surukansa ya samu aiki.

Da suka isa gidan da kwamfutar ta nuna, wata dattijuwa mai furfura ta buɗe musu ƙofa. Sista ta faɗi sunan.

"Tana nan, rigimammiyar gidan," in ji dattijuwar. "Yanzu na samu ta yi barci. Sai an lallashe ta take cin abinci, wanka kuwa sai an yi dambe."

Injiniya ya kalli Sista, baki har kunne. Ya zaro alewa.

"Haƙora biyu gare ta, amma za ta tsotsa. In dai allura ce, ku shirya, tana cizo."

Suka bi ta zuwa wani ɗaki mai ƙanshin man shafawa. A kan gado ga ɗan ƙaramin jiki a dunƙule cikin bargo. Injiniya ya durƙusa, ya sassauta murya.

"'Yan mata, tashi ki ga abin da kawu ya kawo miki."

Bargon ya motsa. Dattijuwar ta tafa hannu tana dariya.

"Inna, tashi ki gaida kawunki! Shekara ɗari da uku kina duniya, sai yau ya zo ganinki."