Galan a Motar Nentawe

Kofin roba ne a hannun Delight, leɓɓanta jajur, galan a buɗe a gabanta saura kaɗan ya ƙare.

Uwarta Clara ta tsaya a ƙofar motar. Motar yawo ce mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda mijinta Nentawe ya saya tsohuwa, yake lallashinta kamar jaririya. Tun safe yake fama da ita a ƙofar gidansu na unguwar Balsall Heath, yana jan majina, don mura ta toshe masa hanci kwana da kwanaki. Sanyi ya kusa. In ruwa ya daskare a cikin bututu, fashewa zai yi. Shi ya sa ya zubar da ruwan tanki, ya buɗe famfuna suka tsane, sannan ya ɗura musu wani jan magani mai hana daskarewa.

Babbar jarka suka saya shi da abokinsa suka raba, ya juyo nasa a tsohon galan na ruwa. A gidan nan ba a jefar da galan. Robar ice cream ma daddawa ce a cikinta.

"Delight, nawa kika sha?"

Yarinyar, 'yar shekara huɗu, ta ɗaga yatsu biyu. "It's sweet, Mummy."

Da zaƙi. Haka Nentawe ya faɗa jiya, yana kaɗa yatsa kamar fasto: "Abin nan zaƙi gare shi, kada yara su taɓa." Ga shi ya tafi mayar da injin hura iska da ya aro, ya bar ƙofa a buɗe.

Clara ta sunsuna bakin 'yarta. Wani ƙamshi mai yaji-yaji ya bugi hancinta, ta kurma ihu.

Kaneng, yayar Nentawe, ta fito da gudu. Da safen nan ta iso daga Cheetham Hill, ta jibge tsarabarta a gefen motar, jakunkuna da robobi, ta shige ciki gaisuwa.

"Matarmu, lafiya? Yesu! A ba ta manja ta amayar!"

"Yaya, asibiti za mu je, sashen gaggawa. Riƙe ta!"

Har suka kai asibitin Edgbaston Clara ba ta san yadda ta yi tuƙi ba. Kowace jar fitila sai ta waiwaya. Delight ta yi hamma, Kaneng ta jijjiga ta. "Kada ki yi barci, uwata! Buɗe ido ki kalli Anti!" Da yarinyar ta ce cikinta ya cika, Clara ta fara addu'a da ƙarfi, hawaye na shiga mata baki.

Aka ɗebi jini. Likitar ta tambayi sunan maganin, ta ce akwai mai sauƙi, akwai mai lalata ƙoda, dole a san wanne ne. Clara ba ta sani ba. Galan ɗin ma a ruɗe ta baro shi, kuma ko ta kawo, babu rubutun komai a jikinsa sai na ruwan sha.

Ta kira Nentawe a waya. "Baban Delight, ka kashe mu! Je ka motar yanzu ka nemo mana sunan abin nan."

Ta ji gudunsa, ta ji ƙofar mota, ta ji yana ture kaya yana haki. Sai ƙarar famfo.

"Yi magana mana!"

"Maman Delight," ya ce a hankali, "ga galan na maganin nan ƙarƙashin kujera, cike taf, ko buɗe shi ban yi ba. Ki gaya wa Yaya Kaneng, zobonta ne ke zubowa daga famfon motata, har da citta."