Mutum na Uku a Motar Tofol

Kwana uku ke nan taswirar tsibirinsu na shimfiɗe a teburin cin abinci, an danne gefenta da kwalbar man zaitun. Shekara talatin da ɗoriya Tofol ke tsara tafiyar nan da hannunsa: kwana biyar, filin wasan golf biyar, daga Soller a bi ta kan duwatsu zuwa Pollensa, a gangara Arta, a ƙare a kudu. Shi ke tuƙi, matarsa Coloma na gefensa tana rubuta maki.

Bana sai ga mutum na uku.

Bernat ake kiransa, sunan marigayi mahaifin Tofol, abin da ya ƙara ɓata masa rai. Dogo ne, bai wuce arba'in da biyar ba, furfura ta fara leƙowa gefen kunnensa. Ran Litinin ya shigo da jakarsa, ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba. Coloma, wadda ke kukan ciwon gwiwa tun bara, ta miƙe da sauri ta rungume shi a tsakiyar falo, mijinta na zaune yana kallo.

Kafin azahar baƙon ya buɗe kabad ya ɗauko kofi ba tare da ya tambayi inda yake ba. A wurin cin abinci Coloma ta goga tumatir a ɓangaren burodin da ya fi gasuwa, ta miƙa masa. Tofol ya lura. Shekarunsa saba'in da shida, amma idonsa ƙalau yake.

Ya same ta a kicin. "Wannan mutumin, daga ina kika samo shi?"

"Ka san shi, Tofol."

"Na san irinsu."

Ta ci gaba da wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Ran Talata baƙon ya zauna gaban taswira da biro, ya shiga gyara. Rami goma sha takwas na kowane filin golf sun yi yawa, a buga tara. A bar hanyar dutse, lanƙwasarta ta yi yawa. Otal ɗin bakin teku na Arta ya yi nisa da gari, a kama wani kusa da asibiti. Duk abin da ya faɗa Coloma sai ta gyaɗa kai. Da aka zo batun tuƙi, ya ce a bar masa. Tofol ya tashi neman makullin motarsa, bai same shi a ƙusar da yake rataye shi ba. Da yamma ya ji ƙararsa a aljihun baƙon.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ɗakunan. Da kunnensa ya ji mutumin yana gaya wa mai otal a waya cewa ɗaki biyu suke so, masu ƙofa a tsakani. Ya maimaita har sau biyu: ƙofar ta zama a buɗe.

Ran Laraba Tofol ya leƙa ta taga ya hango shi a filin bayan gidan, ƙarƙashin bishiyar lemo, yana gwada bugun golf da sanda. Tsofaffin sandunan Tofol ne, na bahago, waɗanda ba kowa ke iya riƙe su ba. Mutumin ya ɗaga sandar ta baya, ya ɗan tsayar da ita a sama, ya sauke. Bugu mai kyau, irin wanda Tofol ke yi a da, kafin kafaɗarsa ta ƙi. Coloma na tsaye bakin ƙofa tana masa wani kallo da Tofol ya daɗe bai ga ta yi masa ba. Can ta matsa ta kwantar da kai a kafaɗar mutumin, shi kuma yana shafa bayanta. Da Tofol ya fito suka rabu. Ta share ido ta ce ƙura ce.

Shekara hamsin da aure, bai taɓa zarginta ba. Yanzu ga shi a gidansa, a gabansa, ko ɓoyewa ba sa yi.

Ran Alhamis da hantsi aka loda mota. Tofol ya jira sai da suka koma ciki ɗauko kwandon abinci, ya buɗe but, ya janyo jakar sandunan golf da baƙon ya loda da ƙyar ya wurgar a kan tsakuwa. Sandunan suka warwatse. Ya ɗauki guda ya tsaya bakin mota, numfashinsa na sama-sama.

Suka fito suka gan shi.

"Mu biyu muka saba tafiyar nan, mu biyu za mu yi ta," ya ce da Coloma. "In kuwa shi kike so, ku hau ku tafi, kada ki dawo min gida."

"Tofol, ajiye sandar."

"Ba zan ajiye ba." Ya juya ga mutumin, ya nuna shi da ita. "Kai kuma, ba ka da kunya? Ka ci abincina, ka ɗauke makullina, ka riƙe matata a ƙarƙashin bishiyata. Wane ne kai a gidan nan?"

Mutumin ya dubi Coloma. Ta rufe ido, ta gyaɗa kai a hankali. Ya ajiye kwandon a ƙasa, ya matso har kan sandar ya taɓa ƙirjinsa, ya riƙe ta da hannu biyu don kada tsohon ya faɗi.

"Bernat ne, Baba," ya ce. "Ɗanka. Jiya ma ka tambaye ni, na gaya maka."