Soson Ƙarfe

Da na sa ɓallin kofin ɗan yayana a madubin ƙara girma na ɗakin gwajinmu, sai na ga robar duk ta karce, kamar gonar da aka yi wa huɗa. A kowane karce ƙwayoyin cuta sun lafe, inda ruwa da sabulu ba sa kaiwa. Da robar na da santsi, da ba su samu wurin kamawa haka ba.

Yaron yana asibiti da gudawa. Ranar da aka kwantar da shi, Yaya ya ce wa mahaifiyarmu, "Mama, in wanke kofi ya gagara, a bar mana rainon."

Daga ɗakin gwaji na koma gida ina ta juya yadda zan faɗa wa Mama. A bakin famfo na same ta, tana dirzar sabon kofi da soson ƙarfe, yatsunta sun yi ja.

"Auta, zo ki duba min," ta ce. "Wancan kofin, safe da yamma kawai nake dirzarsa. Wannan karon ba wasa."

Na durƙusa na riƙe hannunta. Kofin ya riga ya daina sheƙi.