Gyaɗar da Ba Ta da Suga

Tun da Darlene ta karɓi riƙon karen ɗanta, ba ta sake kallon talabijin cikin kwanciyar hankali ba. Rusty, wani jan kare mai faɗin kai, kullum yana gefen kujera yana susa. Ya soshe bayan kunnuwansa, ya lashe ƙafafunsa har gashin wurin ya zube, fatar ta yi jajir.

Karen na Travis ne, ɗanta tilo, wanda ke aiki a jirgin ruwan dakon tama da ke tashi daga Duluth, wani gari a bakin ƙaton tafki, ba ya zama a gida sai tafkin ya daskare da sanyi. Tun Rusty yana ɗan kwikwiyo Travis ya raine shi, kuma bayan aurensa ya mutu, karen nan ne kaɗai abokin zamansa. Ranar da zai tafi ya ce, "Mama, ga amanata. Ko tari ya yi, ki kai shi wurin Dakta Lindgren."

Wendell, mijin Darlene, ya gaji da gani. "Ki kai karen nan asibiti mana. Susar nan har ta fara sa ni ƙaiƙayi."

"In kai shi su ɗura masa ƙwayoyi? Na raini yaro har ya yi gemu, kare ne zai gagare ni?"

"To, likitar gida, Allah ya ba da sa'a."

Kada ku ɗauka Darlene muguwa ce, ko kusa. Ita dai irin mutanen nan ce da ke gasa burodinsu, su haɗa sabulunsu, suna ganin duk abin da ya fito daga hannunsu ba zai taɓa cutarwa ba. Ga ta da taurin kai, in ta kafe ko da ƙugiya ba a janyo ta.

A wani zauren masu karnuka na intanet ta ga wata mata ta rubuta cewa ƙaiƙayin fata daga ciki yake farawa. Wai a kwaɓa kindirmo mai ƙwayoyin gyaran ciki da dafaffiyar kabewa da markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan ta shafa wa burodi, a daskarar a firiza, a riƙa ba kare. Mutane suna ta yabo a ƙarƙashin rubutun, babu wanda ya tambayi matar ko a ina ta karanci aikin dabbobi.

Ranar Asabar da safe Darlene ta ɗaura ƙyallen girki. A cikin kabad akwai kwalaben gyaɗa biyu, da ta kowa da kowa, da ta Wendell wadda ba ta da suga, saboda yana fama da ciwon suga. Ta ture ta farkon gefe. Mara lafiya ai ba a ba shi suga, in ji ta. Ta ɗebi ta Wendell da babban cokali, har ta ƙara don ta yi daɗi. Ta kwaɓa komai, ta zuba a 'yan ƙananan mazubai, ta sa su a firiza.

Da yamma suka daskare, ƙanana masu siffar ƙashi, gwanin sha'awa. Rusty ya lanƙwame ɗaya yana kaɗa wutsiya, ta ƙara masa, ta sake ƙarawa, sannan ta juya wajen Wendell.

"Ka gani? Ka taɓa ganin ya ci ƙwayar asibiti da irin wannan murna?"

Ba su gama cin abinci ba suka ji kakarin amai. Rusty ya miƙe zai je wurinta, ƙafafunsa na baya suka lanƙwashe. Ya yi tangaɗi ya faɗi a tsakar kicin, jikinsa ya hau karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa.

"Wendell! Wendell! Wayyo Allah, ɗauko mota!"

A asibitin dabbobi Dakta Lindgren ta tare su a bakin ƙofa. "Me ya ci?"

"Abin kirki ne, da hannuna na haɗa! Kindirmo, kabewa, sai gyaɗa. Ko suga babu a ciki!"

Likitar ta tsaya cak. "Babu suga? To me aka sa a madadinsa?"

Darlene ta kalli Wendell. Shi ne ya amsa, muryarsa a ƙasa. "Zailitol. Shi ke sa mata zaƙi."

Likitar ta tura gadon da aka ɗora Rusty a kai da gudu. Sai daga baya ta fito ta yi musu bayani: abin zaƙin nan ba ya cutar da mutum, amma ga kare guba ne. Yana rugurguzo da sugan jininsa cikin ɗan lokaci, sannan ya ci hanta. Sun yi ta fama da shi, ƙarin ruwa, allurai, duk abin da suka sani. Hantar ta riga ta tafi. Ranar Litinin Rusty ya mutu.

Darlene ta tambaya da kyar, "To ƙaiƙayin fa?"

"Ƙuma ce, Darlene. Na gan su a gindin wutsiyarsa. Magani kaɗan ne, da tuni ya daina susa."

Suna cikin mota ba su tashe ta ba, abin wuyan Rusty yana kan cinyarta, waya ta yi ƙara. Travis ne, jirginsu ya matso gaɓa. Ta miƙa wa Wendell, ya girgiza kai.

"Ke ya ba amana."

Ta danna ta amsa. Fuskar ɗanta ta cika wayar, yana dariya, iska na kaɗa hularsa.

"Mama! Ina mutumina? Juyo da wayar in gan shi."

Ta juya wayar a hankali zuwa kan abin wuyan da ke cinyarta.

Jama'a, kyakkyawar niyya ba ta mai da guba magani, kuma ba duk abin da ke lafiya a cikin mutum ne ke lafiya a cikin dabba ba. In dabbarku ta kamu da ciwo, ku kai ta wurin likita, kuma kada ku sa mata komai a baki sai kun san abin da ke cikinsa.