Idon Mage a Kwarin Dundaye

Mai Keke Napep ya ce shi kam ba zai shiga yashi da mata uku da tunkiya ba. Ya sauke su inda kwalta ta ƙare, ya juya abinsa, ya bar su da duhun bayan isha'i.

Sadiyatu da Hadiza da Maimunat tare suka yi tallar fura a Ƙofar Dundaye, yanzu kowacce da jikokinta. Daren lallen ɗiyar wata ƙawarsu za su a Dundaye. Tunkiyar gudummawarsu ce, da safe Hadiza ta sayo ta a kara, kasuwar dabbobi, wurin wani mutumin ƙauye. Tsakaninsu da gidan biki sai kwarin nan busasshe, yashi da ƙaya da 'yan duwatsu, wanda suka sha ratsawa suna 'yan mata.

"Mi muka jira?" in ji Maimunat, wadda aure ya kai Kaduna tun da daɗewa, ko hanyar ba ta tunawa. "Ba ga Idon Mage ba?"

Sunan Sadiyatu ke nan na ƙuruciya. An ce ta taɓa tsintar allura a tsakar gida ba wata ba fitila. Abin da ba wanda ya sani shi ne tun bara dundumi ya kama ta. Da rana lafiya lau, da magariba ta yi kuwa ko tafin hannunta ba ta gani.

Ba kunya kaɗai ta sa ta ɓoye ba. Ɗanta na fari yana auren Khaula, ɗiyar Hadiza, kuma sun gyara ɗaki guda a gidansu na Arkilla, an sa tayil da fanka, ana jiran uwar da za ta fara gazawa. Sadiyatu ba ta ga ranar da za ta bar kajinta da zogalenta da masallacin da take jin kiran sallarsa daga kan gado ba. Abin da Hadiza ta ji da dare kuwa, kafin asuba Khaula ta ji shi.

Maimunat ta laluba jaka. "In kunna tocilar waya?"

"Kul!" Hadiza ta yi caraf. "Muna da Idon Mage za a kunna wuta? Zagi na. Kawo igiyar tunkiyar, ni ka riƙe ta."

Sai dabara ta faɗo wa Sadiyatu. "To Hadiza, ki shige gaba. Jagora na ƙwarai daga baya yake hangowa." Ta yi bisimilla a zuci, ta ɗan kama gefen mayafin Hadiza da yatsu biyu, yadda ba za a ji ba. Maimunat ta dafa kafaɗarta, wai gwiwa.

Suka gangara. Yashi na shiga takalmi, tunkiya na huci can gaba. Duk lokacin da mayafi ya karkata dama, sai Sadiyatu ta ɗaga murya: "Yi dama!" In ya karkata hagu ta ce, "Hagu, ke wagga, ba ki gani?"

"Allah shi bar mana ke," Hadiza ke amsawa.

Maimunat ta tono tsohon labari, ranar da Hadiza ta zubar da ƙwaryar fura a nan saboda wani saurayi mai keke ya yi mata ƙararrawa. Suka yi dariya har da tari. Tana cikin rantsuwar ba a yi haka ba, Hadiza ta faɗa wa bishiyar kargo da ƙirji.

"Kai, mutum da idonsa!" in ji Sadiyatu.

Hadiza ta ce, "Dabbar ga ta ka hizgata. Ke tunkiya, sannu mana, ko ke aka wa lallen?"

Daga nesa guɗa ta taso ta hannun hagu. Mayafi kuwa ya ci gaba da yin dama. Maimunat ta ce, "Anya? Kamar muna barin bikin baya."

Sadiyatu ta ƙara riƙe mayafin. In ta ce a juya, ita za ta nuna inda za a taka. Hadiza dai tana tafiya kai tsaye, ba ko jinkiri, kamar wadda aka shimfiɗa wa tabarma.

"Iska ta ka yawo da sauti a kwari," in ji Sadiyatu da ƙarfin hali. "Kin daɗe a Kaduna, hajiya, kin manta daji."

Suka haura tudu. Ƙamshin hayaƙi da na garke ya tarbe su, ga wani ɗan ƙwan sola a ƙofar gida, wanda Sadiyatu ta gani kamar tabon mai a ruwa. Ta saki mayafi, ta gyara tsayuwa.

"To, ga ku. Wa ka shakkar Idon Mage?"

Ba guɗa, ba hayaniyar mata. Sai tumaki suka ɗauki kuka daga ciki, tasu ta amsa, ta fizge igiya ta kutsa zaure. Wani dattijo ya fito yana gyara hula, ya amsa sallamarsu, ya tsaya yana kallon Hadiza.

"Hajiya? Ba ke na saida wa tunkiyar ga da sahe ba? Lahiya kunka maido ta da daren ga? Gidan biki ai kun baro shi can tsallake."

Maimunat ta zauna a kan dakali tana dariya har da hawaye. Sadiyatu ta juya wajen da take jin numfashin ƙawarta, ta rage murya.

"Hadiza, ina kinka kawo mu? Ke nika bi hwa!"

Hadiza ta laluba iska har ta samo hannunta, ta matse, ta raɗa mata a kunne: "Ni igiya nika bi, ba ni ganin komai tun bara. Don Allah kar Khaula ta ji, Arkilla za su kai ni."